Motata tana mutuwa idan ta yi zafi a hanyar Magariya: famfon mai ne ko wani abu dabam?

Alhaji mai Corolla, Sabon Gari

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin mota, domin matsalar da nake fama da ita ta fara taɓa sana'ata. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2004, mai injin fetur 1.6 VVT-i, irin waɗanda aka shigo da su daga Turai ta Kwatano, kuma da ita nake zirga-zirgar kasuwanci tsakanin Damagaram da Magariya da Matamaye. Da safe tana tashi da bugu ɗaya, kuma muddin a cikin gari nake yawo, daga Sabon Gari zuwa Kasuwar Dole ko zuwa Birni, ba ta nuna mini wani aibi. Matsalar ba ta bayyana sai na ɗauki doguwar hanya da rana tsaka, musamman tun da zafin bazara ya kankama. Idan tafiya ta miƙa sai in ji ƙarfinta yana raguwa, in taka totur ta ƙi amsawa, ta riƙa fizga tana shaƙewa, daga nan sai ta mutu. Idan na murza makulli nan take injin yana juyawa da ƙarfinsa, wani lokaci ta kama ta sake mutuwa, amma idan na bar ta ta huta a gefen hanya kamar rabin awa sai ta tashi kamar ba abin da ya same ta.

Na lura abin ya fi tsanani idan man da ke tanki ya yi ƙasa da kwata, da kuma lokacin da na taka da ƙarfi domin in wuce babbar mota. Fitilar nan mai hoton inji tana kunnuwa wani lokaci, sannan ta mutu da kanta. An canza mini buji, an canza matacin iska, an wanke maƙogwaron totur, na kashe jikkuna masu yawa, amma ba abin da ya sauya. A cikin gari gidan mai nake shiga, a hanya kuwa idan ya kama dole ina saye a wurin ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a kwalba a bakin hanya. Makanike ɗaya ya ce famfon mai ne, wani kuma ya ce ƙwaƙwalwar motar ce, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta fara lalacewa, kuma dukansu biyun ba wanda ya auna wani abu a gabana. Ina roƙon a nuna mini hanyar da zan bi in tabbatar da inda cutar take kafin in sake sayen wani ƙarfe.

Direban hanyar Tanut

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Yadda ka bayyana abin, ni zuciyata ta fi karkata ga famfon mai, domin motar da ke rage ƙarfi a hankali tana shaƙewa kafin ta mutu yawanci yunwar mai ce ke damunta. Akwai abubuwa biyu da za ka iya yi da kanka ba tare da ka biya kowa ba. Idan ta sake mutuwa a hanya, ka sauka nan take ka buɗe murfin tanki a hankali kana saurare. Idan ka ji iska ta shiga ciki da ƙarfi, sannan motar ta tashi bayan ka buɗe, to hanyar da tankin ke shaƙar iska ce ta toshe, famfon yana ja amma tankin ya riƙe man. Na biyu kuma, ka murza makulli zuwa inda fitilu ke kunnuwa ba tare da ka tayar ba, ka sa kunne kusa da kujerar baya, ya kamata ka ji kukan famfon na ɗan lokaci. Idan shiru, ya gaza.

Game da man hanya, ba na son a ɗora wa ƴan ruwa-ruwa laifin komai, domin a ƙauyuka da yawa ba don su ba da ba mu isa inda za mu ba, kuma akwai masu tsabtar aiki a cikinsu. Sai dai man da ya fito daga matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 a nan arewa da gari, ko wanda ya ƙetaro iyaka, duk kafin ya kai ga kwalba ya bi ta jarka da mazurari da hannuwa da yawa, yana zaune a fili ƙura tana sauka a kansa. Ka sa a ɗebo maka kaɗan daga man da ke motarka a zuba a farar kwalba mai tsabta, a ajiye ta ta natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka idan akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa da layinsa a fili, yashi da tsatsa ma can za su taru.

Maigidan gareji, Garin Malam

Alhaji, barka da ƙoƙari, kuma ka yi daidai da ka tsaya neman awo kafin saye. Shawarar da ɗan'uwana direba ya bayar a kan murfin tanki da kwalba mai kyau ce, amma ina so in gyara magana ɗaya domin kada ta sa a yanke wa famfo mai lafiya hukunci. Gaskiya ne motoci da yawa suna kunna famfon mai na daƙiƙa biyu ko uku da zarar an murza makulli, amma Toyota na wannan zamanin ba haka take ba. A irin motarka ƙwaƙwalwar ba ta ba famfon wuta sai ta ga ana juya injin, kuma tana ci gaba da ba shi ne muddin tana samun alamar cewa injin yana juyi. Don haka idan ka murza makulli ka ji shiru, wannan ba shaida ba ce a kan komai. Idan ana son jin kukansa, sai mutum ɗaya ya juya injin, wani kuma ya ɗaga kujerar baya ya saurara a kan murfin da ke ƙarƙashinta, domin ta nan ake isa ga famfon.

Ya kamata kuma ka san yadda aka tsara hanyar mai a wannan motar, saboda shi zai nuna maka abin da za ka nema. Famfon da ragar da ke bakinsa da matacin mai da abin da ke daidaita matsi duk a haɗe suke wuri guda a cikin tanki, kuma bututu ɗaya ne kawai ke tafiya gaba zuwa ga injektoci, wato masu fesa mai a cikin inji, babu na dawowa. Wannan ne ya sa ba za ka ga matacin mai a gaban mota ba, kuma shi ya sa masu irin wannan mota da yawa suke shekaru ba su taɓa canza shi ba, alhali man da muke sha a nan da ƙurar da muke ciki ba irin na inda aka ƙera motar ba ne. Famfon ƙaramin injin lantarki ne, kuma man da ke ratsa cikinsa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke hana ƙarafansa cin juna. Idan ragar ta toshe, man da ke ratsawa ya ragu, famfon ya wahala wajen ja, zafinsa ya ƙaru. Idan kuma tankin ya kusa ƙarewa, ɗan man da ya rage yana saurin ɗaukar zafi daga famfon da kuma kwaltar da ke ƙasa, a watannin Afrilu da Mayu da zafin Damagaram ke haura digiri 40. Famfon da ya tsufa yana iya aiki daidai da sanyin safiya, ya gaza da azahar, ya farfaɗo bayan ya huce, kuma wannan ya yi kama da labarin da ka bayar. Sai dai kama ba tabbaci ba ne, awo ne zai raba gardama.

Abin da za ka nema a yi maka shi ne a ɗaura agogon auna matsin mai. Wannan injin ba shi da ɗan bakin da ake ɗaura agogo kai tsaye, sai an cire bututun a sa mahaɗi mai baki uku a tsakani, don haka ka tambayi garejin ko suna da shi tun kafin ka kai motar. Kafin a buɗe bututun sai an sauke matsin da ke ciki: a zare soket ɗin famfon a ƙarƙashin kujera, a tayar da motar har ta mutu da kanta, a kashe makulli, a cire kan batir mai alamar ragi (−), a naɗe mahaɗar da tsumma sannan a buɗe. Kada a yi wannan aikin kusa da mai walda ko mai shan taba ko murhun mai shayi, kuma ina faɗar haka da gaske, domin tururin fetur a irin zafin nan ba ya jiran harshen wuta ya taɓa shi, tartsatsi kaɗai ya isa.

Adadin da Toyota ta ƙayyade wa wannan injin shi ne kilofaskal 304 zuwa 343, wato kusan bar 3 zuwa 3.4 a agogon da muka saba da shi, kuma tun da daidaita matsin a cikin tanki ake yi, allurar ba ta kamata ta sauka ba ko an taka totur. Bayan an kashe injin a bar agogon a ɗaure a duba: matsin ya kamata ya tsaya a kan bar 1.5 ko sama da haka har tsawon minti 5. Idan ya zube da sauri, to ko dai man yana komawa tanki ta cikin famfon ko ta wurin mai daidaita matsi, ko kuma wata injekta tana ɗiga a cikin inji. Injekta mai ɗiga tana barin bujin silindarta baƙi a jiƙe yana warin fetur, ita kuwa motar da mai ke yi wa ƙaranci bujinta fari-fari yake fita a bushe.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne lokacin awon. Idan ka kai motar gareji da safe aka ɗaura agogo aka ga bar 3.2, za a ce maka famfonka lafiya lau, ka biya ka tafi, ta sake ajiye ka kafin ka kai Magariya. Cutar da zafi ke tayarwa a cikin zafi ake kama ta. Ka ɗauki makaniken da agogonsa a ɗaure, tankin yana ƙasa da kwata kamar yadda ka ce abin ya fi faruwa, ku fita hanya da rana. Agogon a ɗaure shi da kyau a waje inda za a hango shi ta gilashin gaba, kada a shigo da bututun mai cikin mota inda mutane ke zaune. A daidai lokacin da ta fara fizga a dubi allurar. Idan ta faɗi, matsalar tana tsakanin tanki da injektoci ko a wutar da ke zuwa wa famfon. Idan kuwa motar ta mutu allurar tana tsaye a kan bar 3, to a bar famfon ya huta, a nemi cutar a wani wuri. Batun ƙwaƙwalwa kuwa shi ne na ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke kowa.

Mai gyaran wutar mota, Zango

Baba maigidan gareji ya gama magana a kan matsi, ni dai zan ƙara ta fannin wuta, da roƙo guda ɗaya a kan jerin aikin. Alhaji ya ce fitilar inji tana kunnuwa tana mutuwa, wanda ke nufin ƙwaƙwalwar ta ga wani abu ta ajiye lambarsa. Cire kan batir yana iya goge wannan lambar tare da abin da ƙwaƙwalwar ta koya game da yawan man da take bayarwa, don haka a fara sa na'urar karanta lambobi tukuna kafin a taɓa batir. Motocin fetur da aka sayar a Turai daga 2001 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari domin wannan aikin, kuma masu na'urar ba su da wuyar samu yanzu a garin nan.

Idan lambar P0171 ta fito, ma'anarta iska ta rinjayi mai a cikin abin da injin ke ƙonawa, amma ba ta ce famfo ne ba. Iskar da ke satar shiga ta tsagaggen tiyo ko ta gasket ɗin da ya saki tana kawo wannan lambar, haka ma na'urar auna iska da ke bayan matacin iska idan ƙurar hunturu ta rufe ƴar wayar da ke cikinta. Yadda ake rarrabewa shi ne a dubi adadin ƙarin man da ƙwaƙwalwar ke yi, wanda na'urar ke nunawa da kashi cikin ɗari. Idan ƙarin ya yi yawa lokacin da motar ke tsaye tana aiki, sannan ya ragu da aka taka totur, iska ce ke satar shiga. Idan kuwa a tsaye yana kusa da sifiri amma ya haura kashi 10 ya ci gaba da hawa a lokacin da motar ke jan nauyi, to ko man ne ba ya isowa, ko na'urar auna iskar ce ke faɗin ƙasa da abin da ke shiga, kuma a nan ne agogon Baba zai nuna wanne ne.

Akwai kuma wata cuta da ke yin shigar famfon mai har ta ruɗi gwanaye, ita ce ta na'urar da ke karanta juyin karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji. Ita ma zafi ne ke kayar da ita, ita ma tana dawowa idan ta huce, kuma tun da ƙwaƙwalwar ba ta ba famfon wuta sai ta samu alamarta, idan ta ɗauke famfon ma zai yi shiru, mai saurare ya ce famfo ya mutu alhali hana shi wuta aka yi. Bambancinsu yana cikin yadda motar ke mutuwa. Idan wannan na'urar ce, motar kan ɗauke farat ɗaya kamar an kashe makulli, allurar juyin inji ta faɗi ƙasa nan take, bujin ba ya ba da tartsatsi, kuma sau da yawa lambar P0335 tana fitowa. Abin da Alhaji ya faɗa na raguwar ƙarfi da shaƙewa ya fi kusa da ƙarancin mai, amma a duba ba ya cin kuɗi.

Idan matsin ya faɗi da zafi, kada a gaggauta cire famfon sai an auna wutar da ke isa bakin soket ɗinsa a wannan lokacin. Injin yana aiki batir yakan nuna volt 13.5 zuwa 14.5, kuma abin da ya isa famfon bai kamata ya gaza wannan da fiye da volt ɗaya ba. Idan ya gaza, a bi fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI da rilen, wato makunnin da ke ba famfon wuta, wanda Toyota ke rubuta wa C/OPN, da wayar da ke sauka a jikin mota, a kuma dubi bakin soket ɗin ko ya yi baƙi ko robarsa ta narke, domin mahaɗar da ta saki tana ƙara zafi tana rage wuta yayin da tafiya ke tsawo. Ina kuma roƙonka Alhaji, duk wanda ya ce zai ja wa famfon waya kai tsaye daga makulli domin a huta da rile, kada ka yarda. An tsara shi ya tsaya idan injin ya tsaya ne saboda ranar hatsari, Allah ya kiyaye, kada bututu ya fashe famfon ya ci gaba da watsa fetur a ƙarƙashin motar da mutane ke ciki.

Alhaji mai Corolla, Sabon Gari

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara wa sana'a albarka. Na bi jerin kamar yadda kuka tsara. Na'urar ta nuna P0171 ita kaɗai, babu P0335, kuma ƙarin man yana kusa da daidai a tsaye, sai an taka yake hawa. Da safe agogon ya nuna bar 3.2. Muka fita hanyar Magariya da rana tare da makanike, kuma lokacin da ta fara fizga allurar ta sauko ƙasa da bar 2, tana ƙara sauka duk lokacin da na taka. Wutar da ke bakin soket ɗin famfon ta haura volt 13 a wannan lokacin, soket ɗin kuma bai ƙone ba. Murfin tanki bai ja iska ba da aka buɗe shi. A kwalbar da muka ajiye an ga siririn layin ruwa a ƙasa da jan gari kamar na ƙasa, kuma da aka ciro famfon ragar bakinsa ta yi jawur ta daskare.

Tambayar da ta rage mini, maigida, ita ce ko wanke ragar da canza matacin zai wadatar, tun da famfon yana juyawa idan an ba shi wuta, ko kuwa sai na canza shi gaba ɗaya. Idan kuma canzawar ce, an kawo mini sabo mai araha a kwali, an kuma kawo na hannu wanda aka ciro daga motar Turai, ban san wanda ya fi ba.

Maigidan gareji, Garin Malam

Madalla Alhaji, yanzu magana ta fito fili: wuta tana isa, tanki yana shaƙar iska, matsi kuma yana faɗuwa da zafi, saboda haka cutar tana cikin tanki. Juyawar famfo idan an ba shi wuta a kan tebur ba ta nuna ƙarfinsa, kuma kada a bar shi yana juyi a bushe fiye da daƙiƙa 10, a yi gwajin nesa da tankin da aka buɗe. Raga sabuwa za a sa, ba wankewa ba, matacin ma sabo. Shi kuwa famfon, a ganina wanda ya daɗe yana ja ta toshasshiyar raga, ga ruwa ga garin ƙasa suna ratsa shi, ya riga ya ci jiki, kuma ga mai tafiyar hanya irinka ban ga amfanin a rufe tanki a kansa ba, a sake buɗewa bayan ɗan lokaci. Alamar da ta fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi ita ce farfaɗowar da yake yi idan ya huce, domin datti shi kaɗai ba ruwansa da safe ko azahar.

Amma ko wane famfo ka saya, idan ba a sauke tankin ba aikin banza ne. A sauke shi, a juye man da ke ciki gaba ɗaya, a wanke, a bar shi ya bushe sarai, a duba wuyan da ake zuba mai da robar murfin, domin murfin da robarsa ta tsage yana shigar da ƙura da rani, ya shigar da ruwa da damina. A sa sabuwar robar da ke rufe bakin famfon a saman tanki, kada a mayar da tsohuwar da ta taurare, in ba haka ba za ka riƙa jin warin fetur a kujerar baya duk lokacin da ka cika.

Tsakanin sabo mai araha da na hannu, ba kwali ko sunan da aka buga a jiki ne zai gaya maka ba, domin jabu sun yi yawa a kasuwa, na hannun kuma ba ka san irin tafiyar da ya yi ba. Ka yi sharaɗi da mai sayarwa tun kafin ka biya cewa za a ɗaura a auna, idan bai kai bar 3 ba, ko bai riƙe bar 1.5 ba bayan minti 5 da kashe inji, ko ya faɗi da zafi, zai karɓi abinsa. Bayan an haɗa a goge lambar, ku sake fita wannan hanyar da rana da agogon a ɗaure, da ɗan mai kaɗan a tanki kamar wancan karon, domin sharuɗɗan gwajin su zama ɗaya. Idan matsin ya tsaya amma P0171 ta dawo, to dattin ya kai ga ƙananan ragogin da ke bakin injektoci, sai a cire su a wanke a gwada feshinsu, a kuma wanke na'urar auna iska da maganin da aka yi dominta ba tare da an taɓa wayar da hannu ba. Daga nan gaba ka riƙa cika tanki a gari kafin ka fita, kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata, idan kuma dole ta sa ka sayi na kwalba, ka ɗaga ta ka dubi ƙasanta a hasken rana, ka sa a zuba ta mazurari mai kyalle mai tsabta, ka kuma ce a bar ɗan na ƙarshen a cikin kwalbar.